Sharhi: Yaro mai bin ƙadangaru da matsalar rubutun insha'i a arewacin Zamfara

A kusan kowace unguwa a Ƙauran Namoda ko Shinkafi ko Zurmi ana samun irin wannan yaro. Ya san katangar da jan gwada yake fitowa shan hantsi, ya san ramin da damo ya shige a gefen gona, yana kuma iya bambance sawun guza da jan cikin maciji a kan yashin gulbin Gagare ko na Bunsuru. In aka ja shi da hira a kan waɗannan halittu, sai an gaji an ce masa ya isa haka.

Amma da zarar ya shiga aji, malami ya rubuta a allo cewa kowa ya yi insha'i a kan yadda ya yi hutun ƙarshen zango, sai bakin ya mutu. Ya yi layi uku ya tsaya, ko ya kwafi na maƙwabcinsa. A gida ana yi masa faɗan yawon banza, a makaranta ana lissafa shi cikin marasa ƙoƙari.

Batun yadda za a koya wa irin wannan yaro rubutu ya wuce hirar malamai a ƙarƙashin inuwar dalbejiya. A watan Nuwamban 2025 Ministan Ilimi, Dokta Tunji Alausa, ya sanar da soke manufar koyarwa da harshen uwa, ya ce Ingilishi ne zai zama harshen koyarwa tun daga matakin farko. Kafin nan, sakamakon jarrabawar WAEC na 2025 ya tayar da ƙura, kuma takardar Ingilishi ce a tsakiyar rikicin. Tambayar da ke gaban iyaye da malamai a arewacin Zamfara ita ce: da me za a fara, tunda yaran sun yi asarar shekaru, kuma kayan aiki ba su wadata ba?

Shekarun da suka salwanta

A ɗauki ɗalibin da ya shiga aji ɗaya na ƙaramar sakandare a watan Satumban 2019. Bai gama shekararsa ta farko ba annobar korona ta sa aka rufe makarantun ƙasar a watan Maris na 2020, aka shafe watanni a gida.

Yana aji biyu, ranar 26 ga Fabrairun 2021, aka sace ɗalibai mata 279 a makarantar Jangebe, gwamnatin Bello Matawalle ta rufe makarantun kwana. Ranar 1 ga Satumban shekarar kuma aka sace ɗalibai 73 a makarantar Kaya da ke ƙaramar hukumar Maradun, sai aka rufe makarantun firamare da sakandare na jihar baki ɗaya. A makon ne kuma aka katse layukan waya a faɗin Zamfara.

Arewacin jihar ya ɗanɗana tun kafin wannan lokaci. A watan Mayun 2019 'yan bindiga sun kai hari makarantar sakandaren 'yan mata ta Moriki a ƙaramar hukumar Zurmi, suka tafi da wasu daga cikin masu dafa wa ɗalibai abinci. Daga baya ƙauyuka da dama a Shinkafi da Zurmi da Ƙauran Namoda suka watse, iyalai suka kwararo cikin garuruwa, azuzuwan da suka rage a buɗe suka cika maƙil.

Wato shekaru ukun ƙaramar sakandare, waɗanda a cikinsu ne yaro yake tashi daga haɗa jimla zuwa gina sakin layi, duk sun zo wa wannan ɗalibi a gutsuttsure. Shi ne kuma ya zauna jarrabawar WAEC a 2025.

Ga kuma matsalar bashi. A 2022 hukumar WAEC ta bayyana cewa Zamfara ba ta gabatar da ɗaliban makarantun gwamnati ba. Gwamna Dauda Lawal ya ayyana dokar ta-ɓaci a fannin ilimi a watan Nuwamban 2023, gwamnatinsa ta kuma ce ta biya basussukan WAEC da NECO, tana gyaran makarantu. Wannan ya buɗe ƙofar ɗakin jarrabawa. Abin da ɗalibi zai rubuta in ya shiga kuwa, biyan bashi ba ya samar da shi.

A matakin ƙasa ma lamarin ba daɗi. Binciken MICS na 2021, wanda Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta gudanar da tallafin UNICEF, ya nuna cewa kusan yaro ɗaya ne kawai cikin huɗu, tsakanin masu shekara 7 zuwa 14, yake da ginshiƙin iya karatu. Alƙaluman Arewa maso Yamma sun gaza haka.

Me mai duba takarda yake nema?

A jarrabawar Ingilishi ta WAEC, insha'i yana ɗauke da maki 50, ana kuma son ɗalibi ya rubuta kalmomi kimanin 450. Ana raba makin gida huɗu: 10 ga abin da ɗalibi ya faɗa, 10 ga yadda ya tsara shi, 20 ga yadda ya iya bayyana shi, sai 10 ga ƙa'idojin rubutu kamar harrufa da alamomi.

Wannan rabo yana da ma'ana. Maki 40 cikin 50 sun rataya ne a kan ɗalibi ya sami abin faɗa, ya jera shi, ya fito da shi a fili. Amma abin da aka fi yi a azuzuwa da yawa shi ne malami ya rubuta samfurin insha'i a allo, ɗalibai su kwafa su haddace. Ranar jarrabawa in tambaya ta ɗan karkace, hadda ta watse. Masu duba takardu sun daɗe suna kokawa da insha'in hadda da ake liƙa wa tambayar da ba tata ba.

A 2025 an fara sanar da cewa kashi 38.32 cikin 100 ne suka sami kiredit biyar haɗe da Ingilishi da lissafi. Bayan kwanaki kaɗan hukumar ta ce an yi kuskure wajen duba wani ɓangare na takardar Ingilishi, ta gyara adadin zuwa kashi 62.96. Ko da gyaran, an samu koma baya daga kashi 72.12 na 2024. A shekarar ce kuma aka ga hotunan ɗalibai suna rubuta Ingilishi da daddare da hasken tocila saboda jinkirin kawo takardu.

Kiredit a Ingilishi shi ne mabuɗin shiga jami'a da yawancin kwasa-kwasan manyan makarantu. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya tana nan a Ƙauran Namoda tun 1983, Jami'ar Tarayya ta Gusau kuma tun 2013. Yaron da ya faɗi Ingilishi sai ya riƙa wuce ƙofarsu yana kallo.

Sani kafin rubutu

A 1988 wasu masu bincike biyu a Amurka, Donna Recht da Lauren Leslie, sun gwada ɗalibai 64 'yan ƙaramar sakandare. Sun ba su labarin wani wasan besbol, wasan ƙwallo da sanda da Amurkawa ke so, suka ce su karanta su maimaita abin da ya faru. Yaran da karatunsu ke da rauni amma sun san wasan sun fi waɗanda suka iya karatu amma ba su san wasan ba. Sanin abin da ake magana a kai ya cike musu giɓin da raunin karatu ya bari.

In haka ne a karatu, a rubutu ya fi. Mai rubutu yana ɗauke da kaya biyu a lokaci guda: neman abin da zai faɗa, da neman kalmomin da zai faɗe shi. Yaron Zurmi da aka ce ya siffanta tafiya a jirgin sama da Ingilishi an ɗora masa duka biyun. In aka ce ya siffanta yadda hawainiya take kama fara, an sauke masa ɗaya, ya rage kokawa da kalmomi kawai.

Akwai sanannen misali a tarihin marubuta. Gerald Durrell, Baturen Ingila da aka haifa a Indiya a 1925, ya tashi ba ya son makaranta. Daga 1935 zuwa 1939 iyalinsa sun zauna a tsibirin Korfu na ƙasar Girka, inda ya cika gida da kunkuru da tsaka da macizan ruwa da tsuntsaye. Malaman da aka ɗauko su koyar da shi a gida sun sha wahala, har ɗaya daga cikinsu ya gane dabara: ya riƙa cusa dabbobi a cikin lissafi da tarihi da labarin ƙasa, ya kuma sa shi rubuta duk abin da ya lura da shi a littafi kullum.

Yaron nan ya girma ya zo Kamaru a 1947 neman dabbobi, ya rubuta littattafai masu yawa, ciki har da My Family and Other Animals na 1956 wanda har yau ake karantawa, ya kuma kafa gidan adana dabbobi a tsibirin Jersey a 1959. Bai taɓa zama gwanin ƙa'idar harrufa ba. Abin da ya ɗaga rubutunsa shi ne idon da ya horar tun yana yaro.

Ba kowane mai bin ƙadangare ne zai zama Durrell ba, kuma yaron Shinkafi ba shi da gatan da wancan ya samu. Darasin da ke ciki dai ba ya buƙatar kuɗi: malamin ya fara ne daga inda yaron yake.

Yadda malamin lesin zai ɓullo wa abin

A garuruwan nan uku, wanda ya fi samun damar zama da yaro ɗaya ko biyar shi ne malamin lesin na yamma, ko yaya ko yayar da ta gama sakandare, ko ɗalibin kwaleji da ke gida. Malamin aji mai ɗalibai tamanin ba shi da wannan sarari. Ga yadda aikin zai iya tafiya.

Matakin farko sauraro ne. Malam ya ce wa yaron ya ba shi labarin ƙadangaren da ya fi sani, da Hausa, shi kuma ya rubuta maganar yadda ta fito. Sannan ya miƙa masa takardar ya karanta. Yaron da ya ɗauka ba shi da abin rubutawa zai ga shafi guda cike da maganarsa.

Na biyu, littafin lura. Minti goma kowace safiya a gaban katanga ɗaya, daga nesa, ba taɓawa. Ƙarfe nawa jan gwada ya fito? Sau nawa ya gyaɗa kai da wani namiji ya matso? Me ya ci, tururuwa ko ƙuda? Ina ya shiga da rana ta take? Jimla biyar a rana sun isa. A wata guda an tara jimla 150, kuma ba ɗaya da aka kwafa.

Na uku, tambayar da ta fi kowace amfani: "Yaya aka yi ka sani?" In yaron ya rubuta cewa hawainiya tana rikiɗa ta koma launin duk abin da ta hau, malam ya tambaye shi ko ya gani da idonsa ko ji ya yi. In ya koma ya lura zai tarar launinta ya fi canzawa da zafi ko sanyi ko in an tsokane ta. A nan yaro yake koyon raba abin da ya gani da abin da aka ce, kuma wannan ne tushen kafa hujja a kowane irin rubutu.

Na huɗu, a ɗaura abin da ya sani a kan nau'o'in insha'in da jarrabawa ke tambaya. Siffantawa: idon hawainiya da kowanne ke juyawa shi kaɗai, da tafiyarta ta mai jin tsoron ƙasa. Labari: ranar da aka ga maciji a ƙarƙashin rumbu. Bayani: yadda macen ƙadangare take haƙa rami ta binne ƙwai da damina. Muhawara: shin duk macijin da aka gani a gona a kashe shi, ko akwai masu rage wa manomi ɓeraye? Wasiƙa: zuwa ga shugaban ƙaramar hukuma a kan samar da maganin dafin maciji a asibitin garin.

WAEC takan kuma ce a rubuta labarin da zai fassara wani karin magana. A nan Bahaushe yana da jari. Yaron da ya san ƙadangaren bakin tulu, wanda in an kashe shi a fasa tulu in an bar shi ya ɓata ruwa, ya riga ya san yadda ake gina labari a kan tsaka mai wuya. Haka wanda ya san haƙurin damo, ko kunkurun da ke son dambe ba shi da yatsa, ko wanda maciji ya sara yake gudun baƙin tsumma.

Na biyar, gyara da sannu. Takardar da aka cika da jan biro tana kashe gwiwa. Ya fi a ɗauki kuskure iri ɗaya a mako: wannan makon aya da babban baƙi, mako mai zuwa lokutan aikatau. Sauran a kau da kai tukuna.

Mataki na ƙarshe shi ne fita daga ramin ƙadangare. Jarrabawa ba za ta tambayi yaro labarin damo ba. Bayan ya saba da buɗe magana, da jera dalilai, da rufewa, sai malam ya matsar da shi zuwa kasuwar garin, zuwa tsadar taki, zuwa matsalar ruwan sha. Malamin da ya bar ɗalibi a kan abu ɗaya shekara guda bai gama aikinsa ba.

Dabarar ba ta tsaya ga masu son ƙadangaru ba. Wani tattabaru ne, wata awaki, wani ƙwallon ƙafa, wata ɗinki ko gyaran waya. Kowane yaro yana da fagen da ya fi malaminsa sani.

Da wane harshe za a fara?

Nan ne batun ya haɗu da siyasar ilimi. Tun 1977 manufar ilimi ta ƙasa ta tanadi koyarwa da harshen uwa ko na yankin a shekarun farko na firamare. A ƙarshen 2022, zamanin minista Adamu Adamu, aka faɗaɗa ta zuwa shekaru shida. Ita ce aka soke a Nuwamban 2025, inda ministan ya danganta yawan faɗuwa a WAEC da NECO da JAMB da yankunan da suka rungumi koyarwa da harshen gida.

Masu goyon bayan sokewar suna da hujjar da ba za a raina ba. Da Ingilishi ake jarrabawa, babu isassun littattafan kimiyya da harsunan gida, kuma akwai ɗaliban da ke gama sakandare ba su iya haɗa jimla ɗaya ta Ingilishi ba, saboda malamansu ma da Hausa suke koyar da Ingilishin.

Masu suka kuma suna nuni da lissafi mai sauƙi. Ɗalibin da ya rubuta WAEC a 2025 ya shiga aji ɗaya na firamare ne wajen 2013, ya bar firamare tun kafin a zo da manufar 2022. Ba ita ta kayar da shi ba. Suna kuma tuna gwajin da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ile-Ife daga 1970, inda aka koyar da yara da Yarabanci tsawon shekaru shida ana ba su Ingilishi a matsayin darasi, kuma ba su gaza takwarorinsu a Ingilishin ba. A Zamfara ma an yi shirin RANA, wanda UNICEF ta gudanar a nan da Katsina da tallafin Birtaniya, na koya wa 'yan ajin farko na firamare karatu da Hausa.

Ko wace manufa ce ke aiki a takarda, malamin lesin a Zurmi ya san abin da ke gabansa. Yaro yana tunani da Hausa. In ya tsara tunaninsa da ita, ya san me zai zo farko da me zai biyo, sai a tara kalmomin Ingilishi goma ko goma sha biyar da batun yake buƙata, a ajiye takardar Hausar gefe, ya sake rubutawa da Ingilishi daga kansa. Fassara kalma da kalma ita ce ke haifar da Ingilishin da ba Bature ba Bahaushe. Tsara magana kuwa, in an koye shi da harshe ɗaya, yana bin mutum zuwa na biyu. Ga shi kuma Hausa darasi ce a WAEC da NECO, ita ma da nata insha'in.

Maciji ba abokin wasa ba ne

Tsoron iyaye yana da tushe. Uwar da ta ga ɗanta yana leƙen ramuka tana tuna gardawa masu wasa da macizai a kasuwa, tana kuma tuna waɗanda aka binne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa saran maciji yana kashe mutum 81,000 zuwa 138,000 a duniya kowace shekara, a 2017 kuma ta sanya shi cikin manyan cututtukan ƙasashe masu zafi da aka yi wa sakaci. A Najeriya hukumomin lafiya sukan ambaci sara kusan 20,000 da mutuwa kusan 2,000 a shekara.

A ƙasar Hausa kububuwa ce ta fi ɓarna, wadda ake wa laƙabi da gobe-da-nisa. Ƙarama ce, launinta ya saje da ƙasa, dafinta kuma yana hana jini daskarewa, ta yadda wanda ta sara zai iya ganin kamar ya samu sauƙi, daga baya jini ya ɓalle. Ga kasa, ga kumurci da gamsheƙa. An fi samun sara lokacin shuka da lokacin girbi. Asibitin da ya shahara da wannan aiki yana Kaltungo a jihar Gombe, tafiya mai nisa daga Shinkafi.

Saboda haka sharaɗin malam na farko shi ne ido kawai. Ba kamawa, ba zura hannu a rami, ba fita bayan gari, balle a yankin da dajin kansa ya zama abin tsoro. Katangar gida da ta makaranta sun ishi littafin lura.

Amma sha'awar yaron tana iya zama kariya. Likitoci suna gargaɗin kada a ɗaure wurin sara tamau, kada a tsaga, kada a tsotsa. A kwantar da hankalin wanda aka sara, a hana gaɓar motsi, a cire zobe ko abin hannu, a garzaya asibiti. Ɗalibin da ya rubuta wannan a shafi guda da Hausa mai kyau, aka karanta a taron makaranta ko aka tura a WhatsApp na unguwa, ya yi insha'in da zai iya ceton rai. Ya kuma gane cewa rubutu yana da aiki a wajen ɗakin jarrabawa. Manyan masanan wannan fanni, irin su Farfesa Abdulrazaq Habib na Jami'ar Bayero ta Kano, da Farfesa David Warrell wanda ya yi bincike a Zariya a shekarun 1970, da lura da rubuta abin da aka gani suka gina iliminsu.

Abin da ƙadangare ya gani

Akwai wani amfani da ba ya cikin takardar maki. Yara da yawa a wannan yanki sun ga abin da bai kamata yaro ya gani ba: gudun dare, ƙona rumbuna, ɗauke iyaye. In aka ce su rubuta kai tsaye, wasu ba za su iya ba, wasu kuma bai dace a tilasta musu ba.

Tatsuniya ta daɗe da sanin hanyar. Gizo da Ƙoƙi sun ɗauki maganganun da mutane ba sa iya faɗa da bakinsu. Yaron da aka ce ya rubuta labari da bakin ƙadangaren da ya rage a katangar gidan da mutanensa suka gudu, ko kunkurun da ya ɗauki gidansa a baya ya bar ƙauye, zai faɗi abin da ke cikinsa daidai gwargwadon da zai iya ɗauka. Malam ya kiyaye abu biyu: kada ya matsa, kuma kada a sa sunan mutum ko na ƙauye a irin wannan rubutu, domin a yankin da ake zargin juna da kai rahoto, takarda tana iya jawo fitina.

Yankin ba baƙon fasahar magana ba ne. Ƙasar da ta fitar da Ibrahim Narambaɗa na Tubali da Kassu Zurmi ta san yadda ake ɗaukar halin dabba a siffanta mutum da shi, a yabo ko a zambo. Tarihin Hausawa ma da macijin rijiyar Kusugu ta Daura yake buɗewa, sunan Kaduna kuma ana danganta shi da jam'in kada. Abubakar Imam yana malamin makaranta a Katsina, ɗan shekara 22, ya rubuta Ruwan Bagaja don gasar da Rupert East ya shirya a 1933. Tun 2016 kuma gasar Hikayata ta BBC Hausa take fito da mata marubuta. Abin da ya yi ƙaranci shi ne wanda zai nuna wa yaro cewa baiwar bakin nan tana iya sauka a takarda.

Iyakar dabarar

Littafin lura ba zai buɗe makarantar da aka rufe ba, ba zai kawo malamin Ingilishi ƙauyen da malamai ke tsoron kwana ba. Sace ɗalibai a Maga ta jihar Kebbi da Papiri ta jihar Neja a watan Nuwamban 2025 ya nuna cewa barazanar da ta rufe makarantun Zamfara a 2021 tana nan. Iyalin da ke neman abin da za su ci kuma ba su da kuɗin lesin.

Duk da haka akwai abin da hukumomi za su iya yi ba tare da jiran ƙarshen matsalar tsaro ba. Horon da ake ba malamai a ƙarƙashin dokar ta-ɓacin ilimi zai iya haɗawa da koyar da rubutu daga abin da yaro ya sani, a rage dogaro da insha'in allo. Makarantu za su iya ware darasi ɗaya a mako da ɗalibi zai zaɓi batunsa da kansa. Masarautu da ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai a Ƙauran Namoda da Shinkafi da Zurmi za su iya sa gasar insha'i ta Hausa da Ingilishi a kan abubuwan da ke kewaye da yara, ko da kyautar littattafai ce da biro. Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma wanda zai zauna WAEC nan da shekara huɗu yanzu yake aji biyu na ƙaramar sakandare.

Iyaye ma suna da rawar takawa, ko da ba su yi boko ba. Uban da ya ga ɗansa tsugune a gaban katanga, maimakon tsawa, zai iya tambayarsa me ya gani, ya ce ya rubuta ya karanta masa bayan sallar isha'i. Kuɗin abin bai wuce na littafi ɗaya da fensir ba.